Jiran Ruwan Ƙarshe a Luggere

Tun da na dawo daga wurin Kellu ban huta da tambaya ba. A gidan biki, a layin famfo, har a kasuwar tattasai, mata sai su tare ni, wai da gaske ne na ga garin da gajimare ke shiga ɗaki? Wasu kuma su ce me ya sa na dawo ni kaɗai. Tambaya ta farko nakan amsa ta da dariya. Ta biyu kuwa nakan ce Allah ne bai yi ba, in wuce. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Kellu ita ce autata. Ta auri Abari, yaron unguwarmu nan Diffa, wanda fataucin tattasai ya yi ta jansa kudu har ya kafa shago a wani ƙaramin gari kan tsaunukan Mambila a Najeriya, ana ce da shi Luggere. Ita ta ce shi take so, mu kuma ba mu hana ba. Da ta samu ciki an yi za ta zo gida goyon ciki, sai damina ta ɓata musu hanya. Ba mu sake jin komai ba sai a ƙarshen kaka, da wani direba ya kawo mana kaset. A lokacin haka muke aika magana, wayar hannu ba ta zo ba.

Muka sa kaset a rediyo a tsakar gida. Abari ya gaida kowa da sunansa, har da maƙwabta, sannan ya ce Kellu ta sauka lafiya, namiji, an yi suna, an sa masa sunan Malam, mai gidana. Daga ƙarshe aka miƙa wa Kellu. Ta gaishe mu da ƙaramar murya, sannan ta ce, "Ya, sanyi nake ji." Ya ɗin ni ce, haka ƴaƴana ke kirana.

Malam ya sa aka mayar da wurin sau biyu. Ya ce in shirya in je in ƙarasa mata wankan jego, in hanya ta yi kyau kuma in taho da ita da jaririn su yi azumi a gida. Na ɗaure gero da kanwa da bandar kifi rabin buhu, na cika kwano da turaren wuta na haɗin hannuna. Ƙanena Bukar, wanda ya san hanya har Yola, shi ya raka ni.

Komadugu, kogin da ke tsakaninmu da Najeriya, a cike yake a wannan lokaci, injinan ban ruwa na ta kuka a gonakin tattasai gaɓa da gaɓa. Muka shiga jirgin fito da safe. A wancan ƙetaren akwai wata rumfa da ma'aikata ke duba takardu. Na miƙa kartidanti, takardar shaidata ta ɗan ƙasa, wani dogo a cikinsu ya juya ta sama da ƙasa, Faransanci ya gagare shi, ya mayar mini. Kayana ne suka ɗauki hankalinsa. Ya buɗe kwanon turare, ya sunsuna, ya tambayi Bukar ko magani ne. Bukar ya ce magani ne mana, na zaman lafiyar gida. Mutumin ya yi dariya, ya rage murya ya ce matarsa ƴar kudu ce, ta daɗe tana jin labarin turaren Barebari. Na ƙulla masa kaɗan a takarda. Har bakin mota ya ɗaukar mini buhu.

Daga Damasak zuwa Maiduguri ban ji baƙunta ba, harshenmu ake yi, cin abincinmu ake ci. Muka sauka gidan wani abokin cinikin Bukar, matarsa ta yi mana burabusko da miyar kuka, ta yi ta tambayata farashin kifi a wajenmu. Baƙunta ta fara ne bayan Biu. Ƙasa ta fara tashi tana faɗuwa, mutane suka sauya kama, Hausar ma ta sauya. A tashar Yola muka kwana, ni a ɗakin mata tare da wata mai sayar da manja da za ta Kano. Da ta ji inda za ni, sai ta dubi mayafina mai shara-shara, ta tambaya ko abin da na zo da shi ke nan. Na ce ai mu ma muna da sanyi a Diffa. Ta ce to, ta gyara kwanciyarta.

Rana ta uku muka bi ta Jalingo muka kwana Serti, a gindin dutse. Nan ake barin motocin kirki a shiga wata tsohuwar landiroba. Kafin mu tashi direban ya raba wa kowa baƙar leda. Na ce masa ni kayana a ɗaure suke, ba na buƙata. Ya ce in dai riƙe. Ba mu yi rabin hawan ba na gane amfaninta. Hanyar tana nannaɗe dutse kamar rawani, gefe guda bango, gefe guda rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Ni da na tashi a ƙasar da za ka hangi raƙumi tun yana tafiyar sa'a guda, ban san ciki na juyawa haka ba. Can kuma kunnuwana suka toshe. Ina ganin bakin Bukar na motsi, ba na jin abin da yake cewa. Na fara salati a zuci, na ce na zo ganin jika na kurmance. Wata mata da ke kusa da ni ta ɓaro goro ta ba ni, ta nuna mini in tauna in haɗiye. Sai na ji fat, duniya ta dawo.

A saman dutse babu dutse. Ciyawa ce kore shar a kan tuddai masu santsi, da shanu manya-manya ba makiyayi a bayansu, an kewaye su da waya. Mu a watan nan ciyawarmu ta daɗe da zama harawa. Muka bar kwalta muka kama jar hanya, ana yayyafi. Luggere a cikin kwari yake, tuddai sun kewaye shi ta ko'ina, kamar an ajiye gari a gindin ƙwarya. A gangaren ƙarshe mota ta fara zamewa, direba ya ce kowa ya sauka ya taka. Taɓo ya kama mini takalmi ɗaya, na ja ƙafa ta fito, takalmi bai fito ba. Haka na shiga gidan surukina, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Ban gane Kellu nan take ba. Tana zaune bakin wuta a cikin ɗaki, sanye da kwat ɗin mijinta da safa biyu-biyu, ta rame, idanunta sun yi ja don hayaƙi. Ta ɗago ta ce, "Ya." Na karɓi yaron. Ɗan mitsitsi ne, an naɗe shi cikin bargo har ba a ganin komai sai hanci.

Bukar kwana biyu ya yi. Rana ta uku ya ce ya tuna yana da kaya a Yola da ba za su jira ba. Kowa ya san sanyi ne ya kore shi.

Kafin in zo, wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce ke yi wa Kellu wanka, Bafulatana, ana kiranta Dada Asta. Da ta ji ni Babarbariya ce sai ta tafa hannu ta ce Allah ya kawo mata baiwa har gida. Na ce ai bawa ba ya sayen uwargijiyarsa. Daga ranar muka ƙulla. Ita ta koya mini zaman garin. Babu darbejiya a can, da ganyen wani dogon itace mai ƙamshi da suke kira zaiti ake wankan. Itacen wuta duk jiƙaƙƙe ne, sai an jera shi a kan murhu kwana biyu kafin ya kama. Tsummokin yaro ba sa bushewa a waje, a saman wuta ake rataye su, su bushe suna warin hayaƙi. Kifin da na sha wahalar ɗaukowa kwana huɗu, mako guda ya yi ya fara furfura. Da na buɗe buhun na ga haka sai da na yi hawaye, ba don kifin ba. Dada ta zauna muka kankare wanda zai kankaru muka sake gasa shi.

Abincinsu tuwon masara ne fari fat da miyar wani ganye mai ɗan ɗaci, sai dankalin turawa da gwaza da ayaba, da wani ɗan itace mai laushi kamar man shanu da suke kira fiya. Madara kuwa kamar ruwa. Shayi a gonar da ke bayan tudu ake noma shi, amma ba su iya dafa shi ba, tsululu suke sha. Na ce gero fa? Suka ce ba ya yi, ruwa ya yi masa yawa. Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ban taɓa jin an ce ruwa ya yi wa gero yawa ba.

Yanzu ga amsar masu tambayar gajimare. Da asuba in ka buɗe ƙofa, farin abu ne cike da kwarin, ba ka ganin madafa daga bakin ɗaki. Ba ƙura ba ce, jiƙe yake, yana shigowa ya kwanta a kan bargo. Sai hantsi yake ɗagawa ya koma kan tuddai. Rana ta leƙo kaɗan, kowa ya ruga ya shanya abin da zai shanya, kafin la'asar ruwa ya sauko. Mu a Diffa in hadari ya haɗu yara waƙa suke yi, manya su ɗaga hannu. A Luggere, a ƙarshen kaka, addu'ar kowa Allah ya ɗauke shi. Masararsu na ruɓewa a gona, hanya na mutuwa, shaguna na ƙarewa da kaya. Gaisuwa ma ba ta wuce nan: yau zai yi ko ba zai yi ba?

Kowa a garin masanin sama ne. Abari yana da rediyo a shago, ya dawo ya ce an faɗa daga birni cewa damina ta ƙare. Dada ta ce mutanen birni ba su taɓa ganin Luggere ba. Ta ja ni bayan gida ta nuna mini wani gibi tsakanin tuddai biyu ta gabas. Ta ce muddin gajimare na kwana a gibin nan, ruwa bai tafi ba.

"Saura manya uku," in ji ta. "Na ƙarshen da ƙanƙara zai zo. Bayansa za ki tashi ki ga ciyawa ta yi fari, sama ta buɗe. Sanyin da kike kuka da shi yanzu, lokacin ne zai zo da kansa. Amma hanya za ta bushe."

Na riƙe wannan magana kamar alkawari, don a kwanakin ne yaron ya fara tari. Ƙirjinsa na ƙara in yana numfashi, nono ma sai ya kama ya saki. Na goya shi, ni da Abari muka kai shi ɗan asibitin garin. Ma'aikaciyar ta ce sanyi ne da hayaƙi, ta ba da magani, ta ce a fitar da wuta daga ɗaki. Na ce a fitar da wuta, sanyin fa? Ta ce a ƙara bargo. A hanyar dawowa na faɗa wa Abari saƙon Malam, na ƙara da nawa, cewa yaron nan rana yake buƙata, kuma rana tana Diffa. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ba zai ƙi maganarmu ba, in hanya ta bushe, in Kellu ta ce za ta, shi zai kai mu har Yola. Na ɗauki wannan a matsayin an gama.

Daga nan kullum da safe sai na je bayan gida na dubi gibin. Ban taɓa sanin ana kewar rana ba sai a can. Ina kewar ta doke ni a baya ina tsinkar tattasai. Ina kewar jan tattasai shimfiɗe a fili har ido ya gaji, da tarin da yake sa mutum, da kukan injin Malam wanda kullum nake mita a kansa. Sama ma a Luggere ƙarama ce, tuddai sun cinye gefenta. Kellu kuwa, in ina gasa mata jiki bayan wanka, tambaya take ta yi. Ruwa ya kai gindin tsamiyar mashaya bana? Wa ya mutu, wa ya haihu? Har yanzu Ya Bintu na soya kifi a bakin tasha? In na ba ta amsa sai ta rufe ido ta ce in sake faɗa. Na ce a raina, yarinyar nan ƙafarta ɗaya tana gida.

Ruwa na farko ya zo ya wuce. Na biyu ya kwana biyu yana zuba, ƙasa ta zabtaro ta rufe gangaren da na bar takalmina. Kwana tara ba mota. Gishiri ya yi wuya a garin, kananzir ya ƙare, maza suka fita da shebur da fartanya suna buɗe hanya. Abari ya daina kawo labarin rediyo. Ruwa na uku ya zo wata ranar Laraba da azahar. Na ji kamar ana jifan kwanon rufi da tsakuwa, na rungume yaron na ce me ke nan. Dada ta leƙo daga zaurenta, ta tsinci ƙanƙara cike da tafi, ta kawo mini ta ce in taɓa, kada in koma ƙasar yashi in ce ba a nuna mini komai ba.

Bayan kwana biyu na buɗe ƙofa da safe na ga har ƙarshen gari. Ciyawa ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri, gibin nan fayau, sanyi kuwa kamar ana yanka kunne. Da hantsi ya yi aka fito da komai waje, katifu da barguna da masara da tsofaffi. Na zauna a rana da yaron a cinyata. Tarinsa ya riga ya fara sauƙi tun da aka fitar da wutar, ranar nan kuwa ya sha nono ya yi barci har da minshari.

Da la'asar na jawo akwatin Kellu na fara ninke kayan yaro. Tana zaune a bakin gado tana kallona. Sai da na kusa cika shi ta yi magana.

"Ya, ki bar kayan nan."

Na ce hanya ta kusa bushewa, gara mu shirya da wuri.

"Ba zan je ba, Ya."

Na tsaya da rigar yaro a hannu. Ta fara kawo dalilai, kwana huɗu a mota da jariri, ga shi ya samu sauƙi, ga shago ba mai taya Abari, ga dankalinta da ba a tona ba. Duk na rushe su ɗaya bayan ɗaya, don ni na haife ta, na san ba su ne ba. Na ce ba ke ce kika ce sanyi kike ji ba? Ba ke ce kullum kike tambayata kogi ba?

Ta ce, "Shi ya sa. Shekara biyu na yi ina koyon zaman garin nan, sai bana na fara iyawa. In na je yanzu na ga Komadugu a cike, na kwana a ɗakinki, ba na jin ƙafata za ta sake hawo dutsen nan. Kuma nan ne gidana, Ya. Ki bar ni in ƙara ƙarfi tukuna."

Kwana biyu ban yi mata magana ba sai abin da ya zama dole. Ina yi mata wanka, ina dama mata kunun kanwa, bakina a rufe. Dada ta lura. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta dai ba ni labarin yadda aka kawo ta Luggere daga wajen Banyo tana yarinya, da yadda ta gudu gida sau biyu, na biyun uwarta da kanta ta rako ta har bakin kwarin, ta juya ba ta waiwaya ba. Ta ce ta yi shekaru tana jin haushin uwar, sai da ta aurar da tata ƴar ta gane wace ce ta fi shan wuya a ranar. Ni ma na tuna daga Geskeru aka kawo ni Diffa, tafiyar da ba ta kai yini ba, amma na yi wata uku ina kuka a bayan ɗaki. Rana ta uku na kwance akwatin da hannuna, na mayar da komai inda yake.

Na zauna har aka yi arba'in. Ranar da zan tafi ita ce ranar da Kellu ta fara fita, ta goya yaron ta rako ni tasha. Ta cika mini buhu da dankali da ganyen shayi da fiya. Ni kuma na bar mata kwanon turare da sauran kanwa. Ta ce in gaya wa babanta za su zo in yaro ya fara tafiya. Da mota ta kama hawa na leƙa ta taga, ina ganinta a tsaye cikin kwat ɗin nan, tana ƙanƙancewa, har tudu ya shiga tsakaninmu.

Abari ya kai ni Yola ya haɗa ni da wani direban Diffa. Dawowar ba ta da labari, sai dai fiyar nan da ta narke a buhu tun kafin Maiduguri ta ɓata mini zane biyu. Ina sauka ƙasa ina cire kaya ɗaya bayan ɗaya, har na koma mayafina.

Na iso bakin Komadugu da la'asar, saura kwana kaɗan azumi. Ruwa ya ƙaru a kan yadda na bar shi. Mai fito ya gane ni, ya ce sannu da hanya, ya ce yau kwana shida ke nan Malam na zuwa mashigi kullum bayan azahar, tun da ya ji direbobi na cewa ruwa ya ɗauke a kudu. Tun muna tsakiyar kogi na hango shi a tsaye da farar riga, ya ɗauko amalanken doki, an shimfiɗa tabarma da bargo a ciki. Na ga yana duban jirgin, yana duban bayana, yana duban matan da ke kusa da ni ko akwai mai goyo.

Da na taka ƙasa ya ce, "Sannu da zuwa. Ya hanya?"

Na ce lafiya. Na ce suna gaishe shi, za su zo in yaro ya fara tafiya.

Ya gyaɗa kai. Ya ɗora buhun a kan amalanke, ya naɗe bargon ya tura shi gefe. Ya ce wa mai doki ya wuce da kaya, mu za mu taka. Mun yi nisa a cikin gonaki, tsakanin jan tattasai, kafin ya sake magana, bai juyo ba.

"Da wa ya yi kama?"

Na ce hancin na uwarsa ne, amma goshin naka ne sak, har da wannan tudun.

Yana gaba ina biye, sai na ga ya tura hularsa baya kaɗan, ya kai hannu yana shafa goshinsa.